Mai Lasar Bango

Hausawan da ke sayen kaya a Guangzhou ta ƙasar Chana kusan duk sun san Maidaji, dillalin tayil ɗin nan da yatsun hannunsa na dama ba sa rufuwa. A gabansa Malam Maidaji suke cewa, amma da ya juya baya sai ka ji Mai Lasar Bango, a kwashe da dariya. Yawancin masu dariyar ba su taɓa ɗora tubali ɗaya a kan ɗaya ba, shi ya sa abin yake yi musu daɗi a baki.

A Unguwar Gini aka haife shi, cikin birnin Kano, ɗan Malam Kallamu magini. Malam Kallamu mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa sauri. Dokarsa ɗaya ce a wurin aiki: ba a kwaɓa ƙasa sai an ɗanɗana ta. Idan harshe ya ji gishiri-gishiri, a mayar da ita inda aka ɗebo, domin gishiri yana jan ruwa, ya ci bango daga ƙasa alhali samansa yana nan sumul. Ranar da Maidaji, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kai ƙasar kusa da baki ya yi kamar ya lasa, uban ya gani. Da ƙotar shebur ya zabga masa a gadon baya, sannan ya cika masa baki da birji ya ce ya tauna. Ya tauna yana kuka, ƙasa da jini suna bin haɓarsa.

Duk da haka ya iya aiki. Yana da shekara ashirin da bakwai ya samu gini na farko da sunansa, shagon amininsa Ibrahim Khalil tela. Damina ta matso, ana gaggawa, tifa ta juye ƙasa ja jawur daga wani sabon rami. Maidaji ya dube ta, ya murza a tafin hannu, ya ce ai wannan ko makaho ya san mai kyau ce. Bai kai ta baki ba.

Shekara biyu shagon yana tsaye. A damina ta uku aka yi kwana uku ana ruwa, ranar Laraba bayan la'asar bangon gabas ya kwanta a kan Ibrahim Khalil yana zaune a bakin kekensa. Da yatsu Maidaji ya yi tono har faratansa suka ɓalle. Abin da ya fara cimma shi ne kan keken, ya nutse a ƙirjin mutumin, shaddar da yake ɗinkawa ta jiƙe da jini har ta canja launi. Ana cikin salati Malam Kallamu ya iso. Bai dubi gawar ba tukuna. Ya sunkuya ya ɗauki ɓaraguzan bangon, ya sa a harshe a gaban jama'a, ya tofar. Sai ya zaro guntun azara daga cikin ɓaraguzan ya shimfiɗa wa ɗansa a baki. Haƙora biyu suka zube.

"Daga yau kada na sake jin an kira ka magini," in ji shi. "Ko a bayan raina."

'Yan uwan mamacin suka ƙarasa abin da uban ya fara, da duka da shuri, har sai da liman ya kwanta a kansa. Da ya warke bai koma gini ba. Ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa yana sayar da tayil a shagon wani, daga nan aka fara aikensa Chana, daga aike ya zama mazauni. Yana kiran gida duk Juma'a, ya gaida uban, uban ya amsa da kalma biyu ya miƙa wa matar Maidaji, Najiba, wayar. Haka suka yi shekara goma sha huɗu.

A Guangzhou ɗaki ɗaya suke haya kusa da titin Huanshi Lu shi da Harouna, wani Bamaraɗe mai sayen tufafi a kasuwar Shisanhang, mutum mai son barci da son tsokana. Ranar Lahadi, lokacin da kowa yake miƙe ƙafa ko kallon ƙwallo, Maidaji sai ya sa takalmi ya shiga gari neman tsofaffin gine-gine. Ya zagaya gidajen Turawan da da ke tsibirin Shamiyan har ya san kowace taga. Ya tsaya a gindin babban cocin dutse yana ƙirga yadda aka ɗaure bakan ƙofa. Kuma duk inda ya je, sai ya faki ido ya kankari abin da ke tsakanin bulo da mukullin ɗaki, ya ɗora a harshe. Sau biyu masu gadi suna korarsa, sau ɗaya har da sanda.

"Mon frère, mi ka kai Musulmi lasar coci?" Harouna yakan tambaye shi. "In yunwa ce, ga shinkahwa nan."

"Ni ba salla nake zuwa yi ba," in ji Maidaji. "Aikin mutane nake dubawa. Wanda ya ɗaure bakan nan ya san abin da yake yi, ko wane ne ubansa."

A irin wannan yawon ya tsallaka kogi wata Lahadi, ya faɗa wata unguwa da ake tashin mutanenta za a yi sabbin benaye. A tsakiyar kangwaye ya ga wani ƙaramin coci da aka daɗe da daina shiga, na jan bulo da baƙi, tagoginsa dogaye sirara, da hasumiya wadda babu ƙararrawa a cikinta. An kafa allo a gabansa cewa gini ne na tarihi, za a gyara. Jikin bangon gabas kuma an jingina wani ɗan ɗaki na kwano, a ciki wani tsoho yana dafa shayi.

Sunan tsohon Liyang, shekararsa saba'in da takwas, kuma shi ne mai sharar wurin tun yana saurayi. Da aka tashi maƙwabta 'yarsa ta yi ta roƙonsa ya koma gidanta, ya ƙi. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya kama Maidaji yana lasar bango bai kore shi ba. Dariya ya yi har da tari, sannan ya miƙa masa kofin shayi, wai ya wanke bakinsa.

Da wayar hannu mai fassara suke hira, rabi a gane rabi a yi dariya. A saman gadon tsohon akwai wani hoto da ya koɗe, na wani tsohon gari a Jamus: gidaje masu katako a gicciye cikin bango, rufi mai tsini, da coci a tsakiya kamar an tsaga kara da wannan. Liyang ya ce tun kakanninsa ake ba da labarin. Wai Bajamushen da ya gina cocin kewar garinsu ce ta dame shi, sai ya kwaikwayi na can, har ya sa aka ɗauko masa dutse guda daga tushen na garinsu, aka kawo a jirgin ruwa, ya binne shi a ƙarƙashin dokin ƙofa. Wai muddin dutsen yana nan, ginin ba zai faɗi ba sai na Jamus ya faɗi. Tsohon ya ƙirga masa da yatsu: jiragen yaƙi sun yi ruwan wuta a unguwar, kogi ya cika ya shiga har wuya, samari sun zo da guduma sun sauke ƙararrawa, ga shi nan dai a tsaye.

Labarin ya yi wa Maidaji daɗi ƙwarai, domin ya san magina a Kano da ke binne laya a harsashi. Shi ma ya ba shi nasu, na soron da aka ce aljanu ne suka ɗora masa zanko. Shekara biyu yana zuwa, yana kawo masa dabino, tsohon yana ba shi shayi mai ɗaci. Ya ƙaunaci tsohon nan, kuma bai ɓoye wa kansa dalili ba: shi ne tsoho ɗaya a duniya da yake murna idan ya gan shi.

Sai wata Lahadi a tsakiyar damina, bayan sati guda ana ruwa, ya zo ya tarar da jikin bangon ya yi wani fari-fari a ƙasa, daidai kan gadon tsohon. Ya kankara ya lasa. Gishiri ne, ba ɗan kaɗan ba, irin wanda ke sa baki ya tara yawu. Ya ƙwanƙwasa bangon da mukulli, ya ji yana amsawa kamar tulun da babu ruwa. Ya zaga ta baya domin ya ga ginshiƙin da ke tokare da bangon.

Mutum uku ya tarar a wurin, leburorin rusau, da kurar ɗaukar kaya rabi cike da tsohon bulo. Masu gina gidajen shayi na zamani suna son irin bulon nan don wurinsu ya yi kama da na da, su kuwa waɗannan sun ci rabin ginshiƙin tun daga tushe. Maidaji bai san lokacin da ya riƙe kurar ba. Da ɗan Sinancinsa na kasuwa ya ce musu akwai mutum a ciki, ya nuna bangon, ya nuna ɗakin kwanon. Babbansu ya ture shi. Ya sake riƙewa. Na biyun ya ɗaga ƙarfen da suke ɓamɓarar bulo da shi ya sauke masa a haƙarƙari, na ukun ya fasa masa gira da rabin bulo. Da ya faɗi suka bi shi da takalman aiki, a ciki, a baya, a wuya, har ya daina motsi. Suka tura kurarsu suka tafi ba ko gaggawa.

Da rarrafe ya zagayo. Tsohon ya firgita da ganin jinin, ya wanke masa fuska, ya ɗaure girar da tsumma. Amma da Maidaji ya sa waya ta faɗa masa cewa bangon zai faɗo a kansa, ya tashi yau ɗin nan, sai ya girgiza kai.

"Meyo, meyo," in ji shi, wato babu, kalmar da kowane ɗan kasuwa ya sani. Ya nuna dokin ƙofar coci da haɓa, ya dafa kafaɗar Maidaji kamar mai lallashin yaro.

Maidaji ya nemi lambar 'yarsa, ya hana. Ya kira lambar da ke jikin allo, aka ce an rubuta, za a zo a duba. Kafin ya tafi ya kwaɓa taɓo ya shafe wata 'yar tsaga da ke hawa daga tushe, dabarar ubansa: idan bango yana tafiya, taɓon zai tsage.

A gida Harouna ya gasa masa haƙarƙari da ruwan zafi yana faɗa.

"Wagga ba Kano ba ce, mon frère. Ƙasar mutane ce, coci na mutane, tsoho na mutane. Ka yi mai kyau, ka hwaɗa mishi. Saura na Allah ne. Kak ka sake tahiya can, ka tuna da papiers ɗinka, takardun zamanka."

"Na taɓa tono mutum da hannuna," in ji Maidaji. "Ba zan sake ba."

Ranar Alhamis aka sanar a waya cewa guguwa mai ruwa za ta sauka da rana. Ya bar kwantena ana lodi, ya hau jirgin ƙasa da haƙarƙarin da ko numfashi ba ya bari ya yi sosai. Ya isa da azahar, sama ta yi baƙi. Taɓon da ya shafa ya tsage biyu, har ɗan yatsa yana shiga. Tsohon kuwa yana zaune a bakin gado yana cin taliya.

Ya roƙe shi da waya. Ya roƙe shi da hannu. Ya durƙusa, shi da bai durƙusa wa kowa ba tun barinsa Kano. Tsohon ya ɓata rai, ya nuna masa ƙofa da tsinken cin abinci. A lokacin aka yi tsawa, ƙasa-ƙasa ta zubo daga bangon a kan bargo. Daga nan Maidaji ya daina roƙo. Ya fizge kwanon taliyar ya yar, ya sunkuci tsohon ya saɓa a kafaɗa kamar buhun siminti.

Ba a raina ƙarfin tsohon da ake fitarwa daga ɗakinsa. Liyang ya rarumi butar shayi ya kwaɗa masa a ƙeya, ruwan zafi ya bi masa wuya. Ya kafa masa haƙoran da suka rage a kunne har sai da ya ɓalli gefe. Yana ihu, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da barin unguwar. Maidaji bai sake shi ba. Taku talatin ya yi da shi cikin ruwan da ya fara zuba.

Waɗanda suka fito ba za a zarge su da yawa ba, domin abin da idonsu ya gani shi ne baƙon mutum, ƙato, jini a fuska, ya saɓo tsoho yana kururuwa. Masu sayen tsohon ƙarfe ne da wasu mata biyu, sai kuma leburorin nan uku, waɗanda su kam sun san gaskiya sarai, kuma su suka fi kowa zafin hannu. Sandar gora ta sauka a ƙwaurinsa, ya durƙushe. Aka janye tsohon, amma hannun Maidaji na dama yana damƙe da wuyan hannunsa, don ya san da ya saki ɗakin zai koma. Aka doki hannun bai saki ba. Sai babban leburan ya take masa gwiwar hannu a ƙasa, ya ɗauki cikakken bulo, ya sauke a kan yatsun sau uku. Maidaji ya ji ƙarar da kunnensa kafin ya ji zafin. A na ukun hannun ya buɗe da kansa.

Yana kwance cikin taɓo, ido ɗaya a rufe, ya zuba wa bangon ɗayan idon. Ruwa ya yi ta zuba har magariba, iska ta ɗauke kwanon wasu kangwaye. Bangon bai faɗi ba.

Ya kwana uku tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda. Abin da ya fitar da shi maganar tsohon ce: ya ce ya san shi shekara biyu, bai taɓa ɗaukar masa ko cokali ba, taɓuwa ce kawai ta same shi. Aka ja wa Maidaji kunne, Harouna ya sa hannu ya ɗauke shi. A can ya ji cewa 'yar tsohon ta zo a ranar, ta ga shatin yatsu a wuyan hannun ubanta, ta sa mijinta ya cusa shi a mota da ƙarfi, ta ce ba zai ƙara kwana inda mahaukacin nan zai iya dawowa ba. An ce tsohon ya tafi yana tsine wa Maidaji.

Ƙashi huɗu ne suka karye a hannun, likita ya ce yatsun ba za su ƙara rufuwa ba. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, su ce sannu, su sauka ƙasa su yi dariya, a nan sunan Mai Lasar Bango ya kama shi. Dariyarsu ba ta dame shi kamar abin da ke cin sa a ciki ba. Kwana goma sha ɗaya yana kwance yana tunanin ko harshensa ne ya yi masa ƙarya, ko Ibrahim Khalil kawai ya gani a kan gadon nan, ya je ya wulaƙanta tsohon da ya ba shi shayi, ya raba shi da ɗakinsa a banza. Kunya ta hana shi cin abinci.

A rana ta goma sha biyu, da hantsi, rana tarwai babu ko gajimare, Harouna ya shigo ɗakin bai yi sallama ba, ya miƙa masa waya. Wani ne ya ɗauki hoton bidiyo daga bene: bangon gabas ya ɗan sunkuya, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya kwanta gaba ɗaya a kan ɗakin kwanon. Ƙura ta rufe komai.

Suka je tare. An zagaye wurin da igiya, amma daga nesa ana hango ƙafar gadon ƙarfe ta leƙo daga ƙarƙashin bulo, a lanƙwashe, da gefen bargon. Dokin ƙofar cocin yana nan lafiya lau, da dutsensa idan akwai shi. Babu wanda ya gane Maidaji a cikin masu kallo, ko kuma sun gane suka kau da kai. Tsohon bai kira shi ba a ranar, bai kuma kira ba har yau.

Ranar ba Juma'a ba ce, amma ya ce wa Harouna ya danna masa lambar gida. Najiba ta ɗauka a tsorace, ya ce ta kai wa Baba. Malam Kallamu ya tsufa, idonsa ya tafi, yana kwance a soro. Maidaji ya riƙe wayar da hagu ya ba shi labarin tun daga farin da ya gani a jikin bango har zuwa ƙafar gadon. Bai faɗi zancen hannun ba.

"Ka ɗanɗana?" in ji tsohon.

"Na ɗanɗana, Baba."

"Da ya faɗi, akwai kowa a ciki?"

"Babu kowa."

Ya ji numfashin uban, ya ji kukan akuya a tsakar gidansu.

"To," in ji Malam Kallamu. "Sannu da aiki, magini."

Maidaji ya zauna a bakin titi, wayar a kunne, ya ɗora hannun daman a kan gwiwa. Ya gwada rufe yatsun yadda ake riƙe cokalin gini, suka ƙi. Harouna ya juya masa baya yana kallon kogi, ya bar shi ya yi kukansa.